Baba Rangwame da Ulun Gwanjo

Idan kana son labarin mutumin da bai taɓa sayen abu a kan farashinsa ba, ba sai ka wahala wajen nema ba. Baba Rangwame da kansa zai tare ka a hanya ya ba ka, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Tun da ya ajiye aikin tuƙi ba shi da wata sana'a sai taya kaya. Takalminsa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma, lemarsa ruwa take tarawa ta juye masa a wuya, amma duk a ɓagas ya same su, kuma a wurinsa wannan ya wanke kowane aibu. Yakan ce 'yan kasuwa in sun hango shi gabansu faɗuwa yake. Gaskiya ne suna miƙewa tsaye in sun gan shi, sai dai murna ce ke tashe su, don sun san kayan da ya shekara ba a taya ba yau zai fita.

Matarsa, Maman Shalele, gwanar saƙa ce. 'Yarsu tilo, Shalele, ta daɗe a gidan miji ba ko ɓatan wata, sai ga shi Allah ya kawo ciki har ya tsufa. Tun ranar da aka tabbatar Maman Shalele ta ɗauki alkawari guda: hular farko da za ta hau kan jikan nan, hannunta ne zai saƙa ta. Shalele ta riƙe maganar gam. Ta sayi komai na jariri, ta bar hula.

Matsalar ita ce ulun gidan ya ƙare, ga ciwon gwiwa ya hana Maman Shalele zuwa kasuwa. Shi ya sa ta yi kuskuren da ta san bai kamata ta yi ba, ta aiki mijinta.

"Malam, ulu nake so mai laushi, irin na jarirai. Shagon da ke jikin kantin magani suna da shi."

"Sabo?"

"To tsoho zan sa wa jariri?"

Baba Rangwame ya gyara zama, ya yi murmushin mai tausayin jahili. "Maman Shalele, kin san mene ne sabon ulu? Tsohuwar tunkiya ce aka sa a leda aka ninka mata kuɗi. Duk rigar sanyin da ke shagon gwanjo ulu ce da ke jiran a warware ta. Ki ba ni dama kawai. Ba hula ba, har bargo da safa da rigar da zai sa ranar da zai shiga jami'a, duk zan kawo miki zarensu."

"Hula kawai na ce."

"Ke dai tunaninki ƙarami ne."

"Araha dai ba ta ado, Malam."

"Wanda bai iya ciniki ba ne ya ƙirƙiro wannan karin maganar."

Kafin ya kai bakin titi ya tsaya a shagon mai aski da ke ƙofar gidan hayarsu, ya sanar da duk wanda ke zaune cewa daga yau masu sayar da sabon ulu sun shiga uku. Mai aski ya ɗaga almakashi daga kan wani ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Baba. In ka tashi buɗe masaƙa ka tuna da mu."

Da yamma ya dawo da buhu a ka, wuya ya nutse, fuska sai sheƙi. Ya zazzage a tsakar ɗaki. Riguna ne kala-kala, wasu da hoton barewa a ƙirji, ɗaya ma da alama ta kare ce don tana da hannu huɗu. Ya zaro wasu siraran ƙarafa daga aljihu ya miƙa wa matarsa da alfahari.

"Kibiyoyin saƙa. Kyauta mai shagon ya haɗa mini, don ya ga ba zai iya da ni ba."

Maman Shalele ta juya su a hannu. "Ƙarafan lema ne."

"To lema ba saƙa ta ake yi ba?"

Ta ɗauki riga ɗaya ta juya cikinta, ta duba gefen, ta ja zare. Zaren ya fito bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ta sake ja, wani guntun ya biyo. Ta yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya: waɗannan inji ne ya saƙa su da faɗi, aka yanka da almakashi aka ɗinke gefen, don haka kowane layi an datse shi. Rigar da ake warwarewa ita ce wadda aka haɗa gefenta ba tare da yanka ba, wadda in ka kama bakin zaren zai yi ta biyo ka.

"Na sani mana," in ji Baba Rangwame. "Gwada ki nake. Guntu kuma ai ba matsala ba ne, ƙullawa ake yi."

Washegari ya fito da kujera ƙofar gida ya zauna yana ƙulla guntayen zare, ja da kore, kore da ruwan ƙasa. Gwaggo, maƙwabciyarsu mai ɗakin ƙasa, wadda ba abin da ke wucewa a gidan ba ta sa baki ba, ta tsaya a kansa da bokiti a hannu.

"Baban Shalele, tarkon kifi ake haɗawa?"

"Gwaggo, abin da ya fi ƙarfin ganewarki ki bar shi."

"Na bar shi. Amma in za a kai kogi a ara mana."

Rana ta yi tsaka ta karkata, ya samu zaren da bai kai ya zagaye ƙugunsa ba, kuma duk ƙulli ne. Maman Shalele ta shafa shi a bayan hannunta ta ce in aka sa wa jariri wannan, kafin ya yi wayo kansa ya zama kamar bayan kada. Ta ce da shi don Allah ya je shagon jikin kantin magani. Ya ce ai yanzu ne ma ya gane sirrin, ta jira ta gani.

Sirrin da ya gane shi ne gwaji. Ya shiga layin 'yan gwanjo yana bin shago-shago, duk rigar sanyin da ya gani sai ya juya cikinta, ya ciji bakin hannun da haƙori, ya ja. In zaren ya katse sai ya mayar da ita kan rataya ya ce ba ta da inganci. A haka ya isa wani shago mai duhu, kaya jibge har rufi, mai shagon yana can ciki yana fama da wata mata a kan labule. A gefen wani tulin riguna Baba Rangwame ya hango hannun riga kore ya leƙo. Ya taɓa, laushi kamar auduga. Ya durƙusa ya ciza, ya ja.

Zaren ya biyo. Ya sake ja, ya ƙara biyowa, sumul, ba katsewa. Daɗi ya kama Baba Rangwame har yana rawa da kafaɗa, yana naɗewa a hannunsa, rigar tana ja baya. Da ta kai gwiwar hannu sai ya ga akwai hannu a ciki. Bai damu ba, ya ce a ransa gunkin tallan kaya ne, ya ma yaba wa masu ƙera su da har gashi suke sa musu yanzu. Sai da ta kusa kafaɗa tulin kayan ya motsa, wata tsohuwar kwat ta zame, fuskar wani dattijo mai farin gemu ta bayyana. Mahaifin mai shagon ne, ya jingina yana barcinsa na rana.

Dattijon ya dubi hannunsa tsirara, ya dubi dunƙulen zaren, ya dubi Baba Rangwame.

"Yaro, me na yi maka?"

Wani mai hankali da ya ba da haƙuri. Baba Rangwame ya share murya ya ce, "Baba, nawa za ka sallama? Ka dai san hannu ɗaya ya riga ya lalace, sai a duba."

Yadda ya fito daga shagon ba shi ya zaɓa ba. An ƙwace zaren, an kuma biyo shi da takalminsa babba ta sama. Kafin ya kai ƙarshen layin labari ya riga shi. Masu shaguna suna hango shi sai ka ji ana cewa ga gara nan ta shigo, kowa ya hau sauke rigunan sanyi yana cusawa a ƙarƙashin tebur. Wani mai sayar da safa har zama ya yi a kan kayansa. Da ya dawo unguwa ya shaida wa mai aski cewa yau ya tabbatar 'yan kasuwa tsoronsa suke ji, da idonsa ya ga suna ɓoye kaya.

Sai da ya hau mota ya tafi wata kasuwa can bayan gari, inda sunansa bai kai ba, sannan Allah ya tarfa wa garinsa nono. Ya samo riguna biyu manya, ja da fara, na ulu na gaske. Maman Shalele ta juya su, ta ja zare, zaren ya biyo. Ta ce, "Wannan kam ulu ne." Tun da suka yi aure bai taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Suka zauna tare suka warware, shi yana riƙe da hannu biyu ita tana naɗewa, har tana 'yar waƙa.

Saura abu ɗaya. Zaren da aka warware a nannaɗe yake fitowa, ba ya saƙuwa da kyau sai an miƙar da shi. Ta ce masa a jiƙa shi a ruwan sanyi, ja daban fari daban, kar a cuɗa, kar a matse, a shanya a inuwa. Ta ce da safe za ta yi da kanta. Da safen gwiwar ta tashi, ta sha magani ta kwanta, barci ya ɗauke ta.

Baba Rangwame ya dubi zaren, ya dubi matarsa, tausayi da son a sani suka haɗu suka ba shi shawara. Ruwan sanyi ai aikin masu lokaci ne. Abin da ruwan sanyi zai yi a yini, tafasasshe zai yi kafin a ƙifta ido, ga kashe ƙwayoyin cuta a kan hanya. Ya sauka ya ari babbar tukunyar Gwaggo, ya hura gawayi a tsakar gida, ya leƙa shagon mai aski ya gayyato duk wanda ke wurin, har da wani da aka aske wa rabin kai. Ya ce su zo su ga yadda ake mayar da tsumma ya zama dukiya.

"Baban Shalele, ni dai na ji ana cewa ulu ba ya son zafi," in ji Gwaggo.

"Tunkiyar da ta haife shi a rana take kiwo."

Ya zuba ja da fari gaba ɗaya, ya antaya garin sabulu, ya ɗauko sandar goge ɗaki ya shiga juyawa da ƙarfinsa duka. Kumfa ta taso ja wur, ta fallatsa masa a riga da gemu. Yana juyawa yana lacca a kan yadda masu kamfani ke cutar talaka. Can sai sandar ta fara nauyi. Can kuma ta tsaya cak.

Mai aski ya leƙa. "Baba, ina zaren?"

"Yana ciki, yana hutawa."

Aka sauke tukunya aka tsiyaye ruwan. Babu zare ko sili ɗaya. Ulun ya curu, ya haɗe, ya zama abu guda mai tauri, launin hanta, ya ɗauki siffar gindin tukunya daram, sandar kuma a tsakiyarsa a tsaye. Aka ja sanda, tukunya ta biyo. Mai rabin aski ya riƙe tukunya, mai aski ya ja sanda, suka zagaye tsakar gida suna kokawa, Gwaggo na biye da su tana cewa a bi mata tukunya a hankali, tun ta aurenta ce. Da abin ya ƙwace, mai aski ya zauna daɓas a cikin kumfa, curin ya yi tsalle ya gangara ya tsaya a ƙafar matakala.

A kan matakalar Maman Shalele ce tsaye, riƙe da waya.

Baba Rangwame ya ɗauki curin da sauri ya kifa a kansa. "Kin gani? Na rage miki aiki. Hular ma ta saƙa kanta, 'yar ragewa kawai za a yi."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce, "Mijin Shalele ne ya kira. Naƙuda ta tashi, suna asibiti."

Gwaggo ce ta fara dawowa hayyacinta, ta ce kar Baba Rangwame ya kuskura ya je asibiti da wannan jar rigar, kafin ya buɗe baki an kwantar da shi an fara neman inda aka soke shi. Ya haura da gudu. Garin an tashi da yayyafi da sanyi, don haka ya zura rigar sanyinsa shuɗiya, wadda Maman Shalele ta saƙa masa shekarun baya, abu ɗaya tak a jikinsa da bai taya ba. Mai aski ya rufe shago ya fito da motarsa, Gwaggo ta shige gaba ba tare da an gayyace ta ba.

A barandar ɗakin haihuwa suka tarar da mijin Shalele yana kai da kawowa, ga 'yan'uwansa zaune a benci. Ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya ce, "Umma, tana ta tambaya ko kin taho da hular. Na ce bari in aika a sayo a kanti, ta ce in na sayo ba za ta yafe mini ba."

Maman Shalele ta zauna a hankali. Idonta ya cika da ƙwalla, ta sunkuyar da kai don kar surukai su gani. Baba Rangwame ya gani. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Shekara da shekaru matar nan tana saƙa wa jikokin mutane huluna tana murmushi, yau nata ya zo hannunta wayam, kuma shi ne sila.

Ta ɗago kai, idonta ya sauka a kan cikinsa. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, matso."

Ya matso. Ta kama gefen rigarsa ta murza a yatsu. "Daga wuya na fara saƙa ta, don haka daga ƙasa za ta warware." Ta buɗe jaka ta zaro kwarashinta na saƙa, wanda ko gidan biki ba ta zuwa ba shi, ta tsinke bakin zaren ta ja.

"Bari in tuɓe mana."

"In ka tuɓe wa zai riƙe mini? Tsaya nan. In na ce juya, ka juya."

Haka aka yi. Tana zaune tana saƙa, yana tsaye yana juyawa a hankali, zaren yana fita daga jikinsa yana shiga hannunta. Rigar ta bar ƙugu. Ta bar cibiya. A gaggawar fitowa bai sa komai a ciki ba, don haka tumbin Baba Rangwame ya fito ya gaida jama'a. Masu jinya suka fara leƙowa daga ɗakuna. Wani tsoho da ake turawa a keke ya ce a dakata da shi tukuna. Da wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa da tire, sai da ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin zaren.

"Baba, masaƙar ce aka buɗe?" in ji mai aski.

"Wannan shi ne ulun da ya fi kowane araha," in ji Baba Rangwame, amma muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

"Juya," in ji Maman Shalele.

Da fitsari ya matse shi ya roƙa a ba shi izini, ta ce ya je amma kar ya tsinka mata zare. Ya tafi zaren na biye da shi, ya dawo yana naɗewa, Gwaggo tana ba masu wucewa hannu kamar mai kula da titi.

Rigar tana isa hammata aka ji kukan jariri. Maman Shalele ta ƙulle zaren ƙarshe ta cije shi. Ma'aikaciyar jinya ta fito da ɗan mutum a naɗe cikin zani, Maman Shalele ta sa masa 'yar hula shuɗiya da hannunta, ta zauna masa daidai kamar an gwada. Ta yi kuka, Gwaggo ta taya ta. Baba Rangwame ya ja numfashi ya fara miƙe ƙirji, yana shirin bayyana wa surukai cewa dama haka ya tsara tun farko.

Sai aka ji wani kukan daga ciki, siriri, daban da na farko.

Ma'aikaciyar ta leƙo. "Ta biyun ma ta iso lafiya. Ina ɗaya hular?"

Kowa ya juya ya kalli mijin Shalele. Ya sosa ƙeya ya ce sun ɓoye wa Umma batun tagwayen ne don kar hankalinta ya tashi, amma ai ya kira Baba a waya ya faɗa masa a yi hula biyu. Kowa ya juya ya kalli Baba Rangwame. Ya tuna kiran sarai. Yana tsakiyar taya wata riga ne, ya yi ta cewa to, to, madalla, bai ji ko kalma ɗaya ba.

Aka fito da jaririyar, kanta ba komai sai gashi mai laushi a kwance. Aka miƙa masa ita don hannun Maman Shalele a cike yake. Ya karɓa a tsorace, ya rungume ta a ƙirjinsa, ya ji ɗuminta a fatarsa. Hawaye suka zubo masa har gemu.

"Duk yawon kasuwata," ya ce a hankali, "ba a taɓa yi mini gyara irin wannan ba."

Ya gyara riƙon jikar a hannun hagu, ya rufe mata kai da tafinsa saboda iska, sannan ya miƙa wa matarsa hannun dama, inda sauran ulun rigar yake.

"Fara da wannan, Maman Shalele. In bai isa ba ga ɗayan."